Daga Taya Goma Sha Takwas Zuwa Biyu

Shekara talatin da huɗu Direba ya yi yana jan tirela, har sunansa na yanka ya ɓace a bakin mutane. A gareji Direba, a unguwa Direba, surukansa ma in sun zo gaisuwa Baba Direba suke cewa. Mutum ne da zai cusa mota mai taya goma sha takwas cikin lungun da mai amalanke zai tsaya yana shawara, da ribas kuwa, hannu ɗaya a sitiyari ɗaya riƙe da kofin shayi. Da kamfani ya sallame shi, aka ba shi agogon bango da takardar yabo, ya dawo gida ya zauna. Bai rufa wata huɗu ba ƙafafunsa suka fara kumbura, takalmi ya daina shiga.

Autarsa, wadda take aikin nas, ita ta tasa shi a gaba zuwa asibiti. Likita ya auna nan ya auna can, ya cire tabarau ya ce, "Baba, sukari ya hau, jini ma yana biye da shi. Zan rubuta maka magani, amma zaman nan ne yake cin ka. Ka riƙa motsa jiki. Ko tafiyar ƙasa, ko ka samu keke ka riƙa zagayawa da safe."

"To," in ji Direba.

Wannan "to" ɗin ita ta ja masa. Ranar Asabar sai ga Auta ta shigo tsakar gida tana turo keke, baƙi, sabo fil, da ƙararrawa da kwando a gaba, sirdi da fedoji duk a naɗe cikin leda. Ta jingine shi jikin bango tana haki, bakinta ya ƙi rufuwa don murna.

"Baba, ga maganinka. Hau mu gani."

Direba ya dubi keken, ya dubi 'yarsa. A nan ya kamata ya faɗa, har ya buɗe baki da niyyar faɗa. Shi dai bai taɓa hawa keke ba. A gidan da ya tashi babu mai shi, yana shekara goma sha biyar kuma ya bi wata babbar mota yana wanke ta yana ɗaure kaya, daga nan sai sitiyari. Daga ƙafa ya tsallaka ya faɗa kan mota, ya bar keke a tsakiya, kuma duk tsawon shekarun nan babu wanda ya taɓa tambayarsa. Wa zai dubi direban tirela ya ce masa ka iya keke?

"Allah ya yi miki albarka," ya ce. "Bari dai abinci ya faɗa tukuna."

Matarsa tana bakin murhu. Ta ɗago ta dube shi sau ɗaya, ta ci gaba da fifita wuta.

Washegari da safe ya fito da keken. Ya tura shi har kwana, don a ga kamar titi yake nema ya hau. Da ya sha kwanar ya ci gaba da turawa. Ya wuce gidan mai, ya wuce kantin magani, har shagon abokinsa Tela, ya jingine shi ya zauna a benci suka yi hira. Bayan awa guda ya turo shi ya dawo. A ransa ya ce ai likita ya ambaci tafiyar ƙasa ya ambaci keke, to ga shi ya haɗa duka biyun.

Sai dai akwai wani mai faci a kan hanyar, ƙarƙashin bishiya, mutumin da ba ya iya ganin ana tura keke ya yi shiru.

"Baba Direba, faci ne? Kawo a duba."

"A'a, lafiyarsa lau."

"Sarƙa ce ta zame?"

"Ba ta zame ba."

Mai faci ya taso ya matsa tayar gaba, ya matsa ta baya, ya murza feda da hannu. "Ikon Allah. To me ya same shi?"

"Sabo ne," in ji Direba. "So nake ya saba da hanya."

Ya wuce ya bar mai faci tsaye da famfo a hannu. Shi kansa bai san daga ina maganar ta fito ba. Rana ta biyu ya ce gwiwa ce. Rana ta uku ya canza hanya, ya zaga ta bayan kasuwa.

A rana ta biyar asiri ya tonu. Tela yana cikin ɗinki zare ya ƙare masa, ya ce, "Kai mai abin hawa, ɗan taka mana zuwa layin 'yan zare. Minti biyar ka dawo."

Direba ya tashi daga benci. Ya duba waje ya ga babu kowa, sannan ya matso kusa da keken ɗinkin ya faɗa masa ƙasa-ƙasa cewa bai iya hawa ba. Tela ya ce bai ji ba. Ya sake faɗa. Tela ya cire ƙafarsa daga kan keken ɗinki, ya kifa kai a kan yadin mutane, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya share hawaye ya ga fuskar abokinsa, sai ya haɗiye sauran.

"Kwantar da hankalinka. Ni zan koya maka. Kwana biyu ya yi yawa."

"Kai yaushe rabonka da hawa?"

"Zai yi shekara ashirin. Amma ai ba a mantawa."

Akwai wani tsohon sito a bayan gari da aka daina ajiya a cikinsa, da babban fili na siminti a gaba, katanga ta kewaye shi. Maigadin wurin Tela ne yake masa ɗinki, don haka ya buɗe musu ƙofa da hantsi, ya kuma jawo kujerarsa inuwa ya zauna kallo.

Direba ya hau sirdi, Tela ya riƙe ta baya. Abu na farko da ya dame shi, babu komai a gefensa. Ba ƙofa, ba gilashi, ba madubi. Ƙafarsa ta hagu tana laluben kuloci, hannunsa na dama yana sakin kan keken yana neman giya.

"Riƙe da hannu biyu!" in ji Tela. "Kuma kada ka kalli ƙasa, kalli gaba."

"Ya kalli taya mana," in ji Maigadi daga inuwa. "In bai kalle ta ba ya zai san inda take?"

"Kai kuma wa ya sa da kai? Taka, Direba. Da sauri. In ka yi sauri ba za ka faɗi ba."

"A hankali dai," in ji Maigadi. "Tsoho ne."

Direba ya sauke ƙafa ƙasa. "Tsaya tukuna. Abin da ban iya a hankali ba, ta yaya zan iya shi da gudu?"

"Ai gudun ne yake riƙe ka."

"Gudun hannu gare shi?"

Tela ya sosa ƙeya. Ya ce shi dai haka abin yake. Suka sake. Duk taku biyu keken sai ya kwanta gefe guda, Direba ya dire ƙafa, Tela ya yi nishi ya ɗago shi. Rana ta fara zafi. Can Tela ya ce ya tuna babban sirrin.

"In ka ji za ka faɗi dama, juya kan keken dama."

Direba ya dube shi. "Wato in rami yana dama, in nufi ramin."

"Ba haka nake nufi ba."

"Haka ka ce."

"Hagu zai juya," in ji Maigadi, har ya taso daga kujera. "In abu ya karkata nan, ai can ake ja shi. Ko buhu ne a kan jaki."

"Keke ba jaki ba ne!"

Gardama ta kaure. Don a raba ta, Tela ya karɓi keken ya hau, ya zaga filin yana layi kamar wanda ya sha wani abu, amma dai bai faɗi ba. Ya dawo ya tsaya yana haki.

"To, da ka karkata, ina ka juya?" in ji Direba.

Tela ya sauka daga keken. Ya dubi hannayensa. "Wallahi ban lura ba. Ku da kuke kallo, ina na juya?"

Babu wanda ya gani.

Aka koma. A karon nan Tela ya ce zai tura shi da gudu. Ya tura, ya bi shi taku goma, sai tarinsa ya taso, ya saki sirdi ya dafe ƙirji. Direba ya ji keken ya yi sauƙi, ya ga ganguna jere a jikin katanga suna matsowa. Shekara talatin da huɗu ƙafarsa ta dama ta san abin da ake yi in abu yana matsowa: ta taka birki da iya ƙarfinta. Feda ce a wurin. Keken ya ƙara wuta. Maigadi yana ihu "Hannu! Hannu!", wato birkin hannu, shi kuma ya ɗauka cewa ake ya ɗaga hannu, ya ɗaga. Ƙarar karonsa da gangunan, har tsuntsayen da suke kan rufin sito sai da suka tashi.

Ya isa gida yana ɗingishi, wando a yage, gwiwa da gwiwar hannu duk sun saɓule. Matarsa ba ta yi salati ba, ba ta yi tambaya ba. Ta ɗora ruwa, ta zuba gishiri, ta jawo kujera 'yar tsuguno ta zauna a gabansa da tsumma.

"Akuya ce ta gitta," ya ce.

"Allah ya kyauta." Ta danna tsumman, ya ja iska ta haƙora. "Kwana biyar kana fita da keken nan, ledar feda ko ƙwarzanewa ba ta yi ba. Yau ne kaɗai ta yage. Ka ga akuyar ta yi ƙoƙari, ranar farko ta same ka."

Ya kalli ruwan da ya fara yin ja.

"Kin sani ke nan."

"Tun ranar da Auta ta shigo da shi. Na ga yadda ka riƙe shi, kamar an miƙa maka jaririn wani."

Ta gama, ta ɗaure masa ciwon, ta wanke hannu. Sannan ta je ta tsaya a gaban keken. Kan keken ya karkace saboda karon da ya yi. Ta matse tayar gaba tsakanin gwiwoyinta, ta murɗa shi ya dawo daidai, ta rufe ido ɗaya ta auna. Ta matsa birki ta saki.

"Sirdin ya yi maka tsawo, Malam. Wanda ya koya maka bai san aikinsa ba."

Kafin ya tambaye ta ita ina ta san aikin, ta tattare zani, ta ɗora ƙafa, ta hau. Ta zaga tsakar gidan. Ta bi ta ƙarƙashin igiyar shanya ta sunkuyar da kai, ta kewaye randa, ta wuce tsakanin turmi da bango inda shi ko a ƙafa sai ya karkace. A zagaye na biyu ta saki hannu ɗaya ta gyara ɗankwali. Ta zo gabansa ta tsaya cak, ta buga ƙararrawa sau ɗaya, ta sauka.

"Birkin baya yana so a ɗan ɗaure shi," ta ce.

Direba ya ƙura mata ido. Matar nan shekara talatin da ɗaya suna tare. Ya san yadda take tari, ya san ba ta son ƙanshin man fetur a jikin kayansa, ya san takunta ko ta bayan bango ne. Amma wadda ta sauka daga keken nan ji ya yi kamar ya kamata ya gaishe ta ya tambayi daga ina.

"A ina kika koya?" ya tambaye ta.

"Babanmu ai hayar kekuna yake bayarwa kafin ya koma sayar da hatsi. Ni ce babba, ba namiji a gabana. In ya gyara, ni nake gwadawa."

"Ba ki taɓa faɗa mini ba."

"Ba ka taɓa tambaya ba. Ranar da babban ɗanka ya sha kananzir kana hanya, da me kake tsammani na kai shi asibiti?"

"Kin ce maƙwabci ne ya taimaka."

"Ya taimaka mana. Da kekensa."

Ya zauna yana juya maganar. Yana tuna ranar, ko dai yana tuna yadda aka ba shi labarinta bayan kwana tara da ya dawo, yana cin abinci, yaron yana wasa a gefensa ba abin da ya same shi. A kansa ya daɗe da zana hoton: maƙwabci a gaba, ita tana biye da mayafi. Yanzu an ce ya goge ya zana wani, mace da goyo a baya tana taka keke a tsakiyar motoci, kuma matarsa ce. Hoton ya ƙi zama. Ya rasa ma abin da yake ji, kunya ce, haushi ne, ko wani abu mai kama da alfahari. In haushi ne, bai san wa zai ji haushinsa ba.

Ita kuwa ta shiga zaure inda injin niƙanta yake, ta fito da sifana. Ta sassauta sirdin ta saukar da shi ƙasa sosai. Sannan ta kwance fedojin duka biyu ta jefa cikin kwando.

"Me kike yi haka? Keke ba feda?"

"Ka manta da feda. In ciwon ya kame za mu je."

Bayan kwana huɗu suka tafi siton tare, ita a gaba shi a baya. Tela ya rufe shago ya biyo su, wai ya ga ƙarshen abin. Da shi da Maigadi suka fara, wannan ya ce gaba wancan ya ce taya, ta juya ta ce musu, "Sannunku da ƙoƙari. Ku huta." Suka koma inuwa suka raba kujera ɗaya.

Ga duk abin da ta ce masa ya yi. Ya zauna, ya tura da ƙafa kamar mai tafiya, in ya ji ya yi nisa ya ɗaga ƙafafun. Shi ke nan. Ba ta riƙe sirdi ba, ba ta bi shi da gudu ba. Babban mutum mai furfura, gwiwoyi a buɗe, yana ja da ƙafa a filin siminti kamar agwagwa. Ya gode Allah da katanga.

"To in na karkata dama, ina zan juya?" ya tambaye ta. "Wannan ya ce dama, wancan ya ce hagu."

"Ban sani ba."

"Kamar ya ba ki sani ba? Ke da kika kewaye randa?"

"Jikinka ne zai sani. Kai ba sai ka sani ba."

Wannan magana ta fi faɗuwarsa cikin ganguna damun sa. Shi mutum ne da in injin mota ya canza murya zai gaya maka wane ƙarfe ne, kafin makanike ya buɗe. Bai taɓa yarda ya hau abin da bai fahimta ba. Yanzu an ce akwai wani a cikin jikinsa da zai koyi abu a ɓoye, ba tare da ya sanar da shi ba. Ya yi ta ƙoƙarin kama shi. Duk sanda ya sa ido a kan hannayensa don ya ga ina za su juya, sai ya faɗi. Duk sanda hankalinsa ya tafi wani wuri, kan abin da za a ci da rana ko kan labarin kananzir ɗin nan da ya ƙi barin sa, sai ya farga ya yi rabin fili ƙafafu a sama.

A cikin kwanakin ne Auta ta biyo ta gida daga wurin aiki. Ta ga keken a jingine ba feda.

"Baba, ina fedojin?"

"Na cire ne in shafa musu mai," in ji uwarta, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Direba ya dubi matarsa. Ya ga ta rufa masa, kuma za ta ci gaba da rufawa har ƙarshen duniya in ya so. Sai ya ji nauyin abin ya ishe shi.

"Ba mai ba ne. Ban iya ba ne, Auta. Mamarki ce take koya mini."

Auta ta dube shi, ta dubi uwarta, ta sake duban sa. "Mama? Mama ta iya keke?" Ta zauna a bakin rijiya. Can ta rufe baki da hannu ta ce, "Baba, ni ma fa ban iya ba. Tun daga shago na turo shi. Na ɗauka in ka huta kai za ka koya mini."

Uwar ta ce ita dai ta ga ta kanta a gidan nan.

Rana ta tara ta mayar da fedojin. Ya tura, ya ɗaga ƙafa, ya lalubo su, ya taka. Ya tafi. Ya kai ƙarshen fili, ya matsa birki da hannu, ya tsaya. Tela ya yi tsalle yana cewa ai shi ya aza harsashin. Maigadi ya ce ya lura taya yake kallo. Suka tambaye shi me ya canza tsakanin jiya da yau. Ya tsaya ya nema da gaske, bai samu ba.

Saura abu ɗaya. Kwanar hagu tana yi masa daɗi, amma in ya nufi dama sai jikinsa ya sandare, keken ya miƙe ya ƙi juyawa. Matarsa ta ce zai zo da kansa. Bai zo ba har ranar da bel ɗin injinta ya tsinke da safe, ga mata sun jere kwanuka a zaure.

"Malam, taimaka ka karɓo mini bel a wurin mai kayan inji. Ka san shagon, bayan gidan mai."

Karon farko ke nan da zai hau titi. Ya fita, ya taka, iska ta shiga rigarsa. Motoci suna wuce shi, ya ga ashe daga ƙasa haka tayar babbar mota take, ta kusa kai kafaɗarsa. Wata tirela ta danna masa ham, ya tuna sau nawa shi ya yi wa masu keke haka yana tsaki. Ya iso inda zai juya dama zuwa shagon. Jikinsa ya ƙi. Ya wuce.

Ya ce ba komai, hagu uku ai dama ce, kowane direba ya san wannan. Ya shiga hagu ta farko. Ya shiga ta biyu. Ta ukun ba ta zo inda ya kamata ba, lungun ya lanƙwashe ya rabu biyu, ya ɗauki na hagu. Kwalta ta ƙare. Ya wuce wani famfo da mata suke layi, ya wuce shagon aski, ya wuce wani fili da aka shanya rini. Bayan ɗan lokaci ya sake wuce shagon askin, ko wani mai kama da shi. Mutumin da ya san kowace gada da kowane rami tsakanin nan da bakin teku, ya tsaya a unguwar da ya yi shekara ashirin da shida yana kwana, bai san gabas ba.

Wata tsohuwa tana zaune a ƙofar gida tana ƙulla gawayi a leda. Ya sauka ya gaishe ta.

"Iya, don Allah ta ina zan bi in fita gidan Direba?"

"Wane direban? Direbobi a nan sun fi goma."

"Mai tirela. Dogo, mai furfura."

Ta girgiza kai. "Ban san shi ba."

Ya sake gwadawa. "Gidan da ake niƙa."

"Au! Gidan Mai Inji? Ka ce haka mana. Wa bai san shi ba? Ita ta karɓi haihuwar jikata da ungozoma ta yi nisa." Ta ƙare masa kallo. "Niƙa za ka kai?"

"Ni ne maigidan."

Tsohuwa ta ajiye ledar. "Kai ne mijinta? Ashe kana nan! Mu da muke cewa baiwar Allah ita kaɗai take fama." Ta nuna da haɓa. "Ai ga bangonku nan. Wanda reshen lemo ya leƙo."

Ya juya. Taku ashirin ne. Lemon shi ya dasa shi da hannunsa, bai taɓa ganin sa ta wannan gefen ba. Tsohuwar ta ce ya bi ɗan lungun can ya juya dama. Ya yi godiya, ya hau, yana ta mamakin haihuwar da aka ce an karɓa, sai da ya ga ƙofar gidansa sannan ya gane daman ya juya.

Matarsa ta leƙo daga zaure, hannunta duk gari. "Ina bel ɗin?"

"Ban kai can ba." Ya sauka ya zauna a dakali yana share zufa. "Ashe har haihuwa kike karɓa."

"Sau uku ne kawai. Wa ya gaya maka?"

"Me kuma kika iya da ban sani ba?"

Ta tsaya kamar mai lissafi da gaske. "Iyo," ta ce. "Gidanmu na farko a bakin kogi yake. Ni na tsamo ƙanena da ruwa ya ja shi, wannan dai da kake cewa matsoraci ne ba ya shiga kwalekwale."

"Zauna ki ba ni labarin."

"Malam, kwano bakwai ne a zaure, masu su suna jira. Labari yana nan, ba inda za shi. Bel dai."

Ya miƙe ya kama keken. Har ya ɗora ƙafa, sai ya sauke.

"Akwai hanya ta cikin unguwa, ba sai na hau titi ba?"

"Akwai mana."

Ta goge hannu a zani, ta fito har bakin ƙofa, ta kwatanta masa kwana-kwana: famfo, shagon aski, sannan gidan da yake da jar ƙofa. Ya ce ta sake. Ta sake, ya maimaita a bayanta, sannan ya hau ya tafi.